Buhu huɗu na bulon wasan yayana: in sallama a dunƙule ko in ci gaba da tsincewa?

Anti, assalamu alaikum. Yayana ya rasu bara waccan, ya bar mata da yara biyu, namiji ɗan shekara 11 da mace 'yar shekara 6. Tun yana yaro yake tara bulon wasan nan na roba da ake harhaɗawa a gina gida ko mota, irin na LEGO, kuma har ya girma bai daina ba, duk inda ya ga na hannu sai ya saya ya ƙara. Bayan rasuwarsa aka tattara su a buhu huɗu, duk a cakuɗe. Kwanakin baya matarsa ta kira ni ta ce in kwashe in sayar a sa kuɗin a karatun yaran, ita ko ganinsu ba ta son yi.

Na zube su a falo, yau mako shida ina ware su launi-launi, amma ko buhu ɗaya ban gama ba, kuma har yanzu ban san mai daraja da marar daraja ba. Maigidana ya gaji, ya ce babu wurin sa ƙafa a gidan, in sallama wa wani mutum da ya zo ya taya duka a dunƙule. Autata 'yar shekara biyu ce, ran nan daga bakinta na zaro wani ɗan ƙarami. Wasu bulon babu sunan kamfani a jikinsu, ƙawata ta ce in bar su a ciki, wa zai tsaya dubawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗan yayana ya zo gidan, ya tsaya yana kallon tarin bai ce uffan ba, sai ya ɗauki wani ɗan mutum-mutumi mai hular kwano ya sa a aljihu, yana zaton ban gani ba. Tun ranar ba na barcin kirki. Ina tsoron in sayar da arha in cuci marayu, ina kuma tsoron in ja lokaci in ɓata da mijina. Ya zan yi?

Wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan yayanki, ya raya abin da ya bari. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma na ga nauyin da kike ɗauke da shi ya fi na buhu huɗu. Amana aka ɗora miki, kuma rashin barcin nan naki shaida ce cewa an ɗora wa wadda ta dace. Ki kwantar da hankalinki, aikin nan yana da hanya, kuma ta fi wadda kika biyo gajarta nesa ba kusa ba.

Amma akwai abin da ba zai jira gobe ba, wato autarki. Kamfanin LEGO da kansa yana rubuta gargaɗi a kwalin ƙananan bulon nan cewa ba na yaran da ba su kai shekara uku ba ne, saboda suna iya maƙale musu a maƙogwaro. Tarin tsofaffi irin naki ya fi sabon kwali haɗari, don a cikinsa akan samu 'yan maganaɗisun da ke haɗa taragun jirgin ƙasa, da bulo mai fitila wanda ke ɗauke da batir ƙanana masu kama da maɓallin riga. Yaro ya haɗiyi irin wannan batir, sai asibiti a take, ba a jiran ganin alama. Saboda haka yau ɗin nan ki mayar da komai cikin buhu ko robobi masu murfi, ki kai ɗakin da ake kullewa ko saman da hannunta ba ya kaiwa, ki share falon har ƙarƙashin kujeru. Daga yanzu abin da za ki iya gamawa a zama ɗaya shi kaɗai za ki riƙa fitarwa, a kan tebur ko babban faranti, lokacin da take barci.

Wannan matakin ya magance rabin damuwar maigidanki. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi mako shida yana tsallake roba a falonsa, ya kuma ji an zaro ɗaya daga bakin 'yarsa, dole ransa ya sosu. Abin da yake nema shi ne ya san ranar ƙarewa. Ki same shi a natse ki ce masa: «Ka yi haƙuri da yadda na cika gidan. Na kwashe daga falo. Ina roƙon mako uku, in ranar ta cika, duk abin da ya rage zan sayar da shi a awo.» Ki faɗa masa dalilin, cewa a cikin tarin akwai 'yan abubuwan da za su iya fin sauran duka kuɗi, kuma hakkin marayu ne. Sai dai ki cika alkawarin ranar, ko da kina ganin da sauran abin tsincewa.

To, me ya sa mako shida bai kai ki ko'ina ba? Ware launi shi ne abin da kowa ke fara yi, don shi ido ke fara gani, amma shi ne hanyar da ta fi ɓata lokaci. Ki zuba jajaye ɗari biyar a roba ɗaya, ki nemi wani ɗan siriri guda a cikinsu, za ki sha wuya, don duk sun saje. Ki zuba irin sirirrin nan kaɗai a roba, kowane launi, jan zai yi miki tsalle a ido nan take. Masu wannan sana'a da siffa suke warewa, launi sai daga ƙarshe, in ma an kai gare shi. Kuma ki yi lissafi: bulon da aka fi sani, mai maɓalli ('yan tudun nan na samansa) biyu a faɗi huɗu a tsawo, bai kai giram biyu da rabi ba, wato kilo ɗaya ya haura guda 400, ƙanana kuwa sun ninka haka sau da yawa. Buhu huɗu dubban dubbai ne. Ba wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya a gida mai ƙaramar yarinya, kuma ba a ma buƙatar hakan. Aikinki shi ne ki tsamo 'yan kaɗan ɗin da darajar take wurinsu, sauran ki bar wa sikeli.

Ga yadda zagayen farko zai kasance. Ki shimfiɗa farin zane a tebur, ki zuba kwano biyu ko uku kawai, ki baza da tafin hannu. Abin da ba bulo ba, su batir, tsabar ƙarfe, guntun fensir, ƙafar 'yartsana, ki fitar. Manyan bulon nan da suka ninka sauran girma, waɗanda aka rubuta wa Duplo, su ma gefe guda. Tun 1969 ake yinsu don ƙananan yara, kuma masu sayensu daban ne. Sai ki ajiye kwano na musamman kusa da hannun damanki, duk abin da ya shafi 'yan mutanen roban nan, irin wanda ɗan yayanki ya ɗauka, ya faɗa ciki: kai, gangar jiki, ƙafafu, hula, gashi, takobi, garkuwa, alkyabba, har da dabbobi irin su doki da kada da biri. Wani kwanon kuma na duk abin da aka buga wa zane ko aka manna wa sitika, da manyan sassa masu siffa ta daban, kamar jikin kwale-kwale, bangon fada, gilashin jirgin sama, layin dogo, faffaɗan farantin da ake gini a kai. Injina da wayoyi da akwatin batir su ma nasu wurin. Takarda kuwa, ko da ta yage, kada ki yar, littafin da ke nuna yadda ake haɗawa kaya ne mai kansa. In kin ci karo da abin da yake a haɗe rabi da rabi, kada ki warware shi, ki sa shi a leda yadda yake, don shi ne zai gaya miki wane gini ne a tarin. Abin da ya rage a zanen, bulo na yau da kullum, ki share shi cikin buhun «an duba». Da wannan tsarin buhu ɗaya ba zai ci miki fiye da zama uku ko huɗu ba.

Batun na asali da wanda ba na asali ba. Ki ɗauki bulo ɗaya ki je bakin taga, ki karkata shi hasken rana ya faɗo masa ta gefe. A saman kowane ɗan maɓalli za ki ga kalmar LEGO da ƙananan haruffa masu ɗan jirkicewa. In idonki bai kama ba, ki ɗauki hoto da waya ki zuƙo shi. Ki juya shi, a ciki tsakanin bututun za ki ga wasu lambobi. Mai huɗu ko biyar ɗin nan ita ce lambar siffar. Wancan bulon mai maɓalli takwas 3001 ne, mai huɗu a murabba'i 3003, mai biyu 3004. Na wasu kamfanonin maɓallinsu yakan zo a shafe, ko da wani suna daban. Nan da kwana biyu hannunki ma zai riƙa ganewa kafin ido, don sheƙinsu da yadda suke kama juna sukan bambanta. Sai dai ki sani ba kowane yanki na asali ne ke da suna a inda ake gani ba. Masu santsin sama babu maɓalli, a ƙasansu ake dubawa, wasu ƙanana ƙwarai da wasu tsofaffi kuma sai an sha nema. Don haka kashi uku za ki yi: na tabbata, ba shi ba ne, da ban sani ba tukuna. Kada ki zubar da kashi na uku.

Waɗanda ba LEGO ba ma ba shara ba ne, kuma ba dukansu ne jabu ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke yin nasu da sunansu, irin Mega Bloks na Kanada da Cobi na Foland. Yaro zai yi wasa da su ya ji daɗi. Ki tara su wuri ɗaya ki sayar da sunan abin da suke. Shawarar ƙawarki dai kada ki ɗauka, ƙanwata. Na san sauƙi take nema miki, amma amsar tambayarta ita ce: duk mai sayen irin wannan kaya yana dubawa, shi ne abu na farko da yake yi. In ya ga gauraye zai karya farashin buhun gaba ɗaya, har da na kirkin. In kuma uwa ce ta saya wa ɗanta ba ta sani ba, to an karɓi kuɗinta a kan abin da ba shi aka ba ta ba, kuma da wannan kuɗin za a biya wa 'ya'yan yayanki makaranta. Na tabbata ba ki so, shi ya sa ma kika kawo maganar.

Yanzu kwanon hannun daman nan, don a nan ne za ki zauna ki ɓata lokaci da hujja. 'Yan mutanen nan, da tsayinsu bai wuce santimita huɗu ba, a 1978 aka fara fitar da su a siffar da aka sani yau, kuma sau da yawa su ne mafi tsada a kowane tari. Fuskarsu kaɗai tana ba da labari. Daga farko duk fuska ɗaya ce, rawaya, ɗigo biyu na ido da ɗan murmushi. A 1989, da aka fito da 'yan fashin teku, aka fara ganin gemu da facin ido. Waɗanda aka yi daga fina-finai sun fara ne da Star Wars a 1999, kuma wajen 2004 aka koma yi wa irinsu fuska mai launin fatar mutum maimakon rawaya. Mai hular kwano da tambarin duniya da roket na zagaya ta a ƙirji ɗan sama jannati ne na tun zamanin farko, masu tarawa suna nemansa, musamman in ruwan zinaren tambarin bai goge ba. In kin samu ɗan mutum a haɗe, ki bar shi a haɗe, kada ki canza masa kai ko hula don ya yi kyau, darajarsa tana cikin kasancewarsa yadda ya fito. Kada ki ciro hannuwa daga gangar jiki, wajen nan ne ke tsagewa. Ki ɗaga hannun a hankali ki duba gefen haƙarƙari. In akwai siririn tsagu, ki faɗa wa mai saye. Kowanne ki sa shi a 'yar ledarsa, don gogayya da sauran tana cinye zanen.

Gane sunan kowanne ba sai kin zama gwana ba. Akwai shafin BrickLink, kasuwa ce ta masu saye da sayar da waɗannan kaya da aka kafa a shekarar 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019. Duba kundinta kyauta ne. Ki rubuta lambar da kika gani a jikin yanki, zai nuna miki hotonsa, launukan da aka yi shi da su, da duk kwalayen da ya taɓa fitowa a ciki. Ga wanda ba ki ga lambarsa ba, shafin Brickognize yana karɓar hoto ya ba ki abin da ya fi kama da shi, sai ki tabbatar da idonki. Abin da ya fi muhimmanci gare ki a BrickLink shi ne jadawalin farashi, don yana nuna abu biyu: abin da masu kaya suke nema yanzu, da abin da aka saya a zahiri cikin wata shida da suka wuce. Na biyun za ki riƙe, kuma ki duba layin na hannu, ba na sabo ba. Kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama a kan kayansa, wanda aka biya shi ne gaskiyar kasuwa. Ko ba za ki sayar a can ba, don aika kaya da karɓar kuɗi ya danganta da ƙasar da mutum yake, sanin wannan adadin zai hana a yi miki wayo.

Daga kwano na biyu kuma za ki gane ko akwai cikakken gini a ɓoye cikin buhunan. Yanki mai zane ko sitika sau da yawa a kwali ɗaya ko biyu kawai ya fito, wani lokaci ma lambar kwalin tana rubuce a jikin mota ko jirgin. Da kin samu lambar, BrickLink ko wani shafin mai suna Rebrickable za su ba ki jerin duk sassan da ke ciki, shafin kamfanin kuma yana da littattafan haɗawa masu yawa da ake saukewa kyauta. Shawarata a nan, kada ki zaƙe. Ki zaɓi gini biyu ko uku mafi girma, waɗanda 'yan mutanensu da manyan sassansu suke hannu, ki cike su daga buhunan. Sauran ki haƙura. Wanda ya rasa 'yan guntaye ana sayar da shi a haka, a rubuta abin da babu. A wajen cikewar ne za ki haɗu da wani tarko: launin toka iri biyu ne. Wajen 2004 kamfanin ya canza shi, tsohon yana da ɗan ɗumi kamar an sa masa rawaya kaɗan, sabon yana ja zuwa shuɗi. Da dare a ƙarƙashin fitila ɗaya suke, amma ki jera su da rana a farar takarda za ki ga bambancin ƙuru-ƙuru. Ruwan ƙasa ma an canza shi a lokacin. Gini na shekarun 1980 da sabon toka a jikinsa, mai tarawa zai gane da kallo ɗaya. Masu ruwan ƙasa mai ja-ja ɗin nan kuma ki bi su a hankali wajen ɓamɓarewa, na wasu shekaru suna da saurin karyewa.

Wata gaskiya da gara ki ji ta daga bakina: tsufa kaɗai ba ya sa bulo tsada. Tsarin maɓalli a sama da bututu a ƙasa tun 1958 kamfanin, wanda ke garin Billund a ƙasar Denmak, ya yi masa rajista, kuma na wancan lokacin yana shiga na yau daram. Wato tsohon jan bulo ba shi da wani abin da sabo ba shi da shi, ga shi an yi su ba adadi. Na kafin 1963 ma da wata irin roba aka yi su wadda ke lanƙwashewa da daɗewa, shi ya sa za ki ga wasu sun karkace ba sa kamawa. Ki ware su a leda ɗaya, akwai masu sha'awar tarihi da ke saye, amma kada ki ɗora buri a kansu. Ƙarancin abu da lafiyarsa su ke ɗaga shi. Mai cizon haƙori, mai tsagu, mai narkewa, duk ki fitar daga na sayarwa.

Wanki a taƙaice: da hannu, a ruwa mai ɗumin da bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye a mataci don ƙanana kada su bi ruwa. Ban da injin wanki, ban da tafasasshen ruwa, ban da na'urar busar da gashi. Ki baza a tawul a inuwa, fanka na kaɗawa, ki ba su kwana biyu don ruwa yana laɓewa a bututun. Mai sitika, mai waya, mai yadi da mai ruwan azurfa kada su taɓa ruwa, busasshen burushi mai laushi ya ishe su. Farare da shuɗɗan da suka yi rawaya, hasken rana ne ya jawo, sabulu ba ya fitar da shi. Za ki ga ana koyar da jiƙa su a wani sinadari don su yi fari. Ni dai ban ba ki shawarar ba, rawayar takan dawo, kuma ba aikin da za a yi kusa da 'yar shekara biyu ba ne. Ki sayar da su a matsayin waɗanda suka dafe.

Shi kuma mutumin da ya taya, ban ɗauke shi macuci ba. Sana'arsa ke nan, ya sayi cakuɗaɗɗe a dunƙule, ya yi wahalar tsincewa, ribarsa tana cikin kwanon nan da na ce ki ajiye a hannun dama. Ki ce masa albarka a yanzu, ya dawo bayan mako uku. Ranar ki gaya masa gaskiya cewa an cire 'yan mutanen da manyan gine-gine, ga zallar bulo na asali, wankakke, kilo kaza. Zai rage tayinsa, kuma daidai ne ya rage. Ki auna a gabansa, ki kuma ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin ki sallama. In kuɗin makaranta ya matso kafin lokacin, ki sayar da buhun farko da kika gama dubawa, sauran su biyo baya. In kuma kin ga jikinki ko gidanki ba zai ɗauki ko mako ukun ba, ki yi zagayen farko kawai, ki ba wani masani amintacce kwanukan nan biyu ya sayar a kan kaso, bayan kin ƙirga, kin ɗauki hoton komai, kun rubuta yarjejeniya. Hanyar da ban so ki bi ba ita ce sayar da kowane yanki ɗai-ɗai. Ta fi kawo kuɗi a takarda, amma sana'a ce ta shekaru mai buƙatar ɗaruruwan aljihunan ajiya, ba aikin mai son sauke amana ba.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta komai: abin da aka sayar, ranar, nawa, da abin da kika kashe a leda ko aike. Ba don matar yayanki tana zarginki ba. Don ke ki samu barci ne, don kuma wata rana yaran za su girma su tambaya, ki miƙa musu littafin.

Na bar maganar yaron a ƙarshe ne don ita ce ta fi, amma a aikace ita za ki fara kafin ki sayar da ko ƙwaya ɗaya. Abin da ya sa a aljihu ba sata ba ce, kayan ubansa ne, kuma ina roƙonki kada ki taɓa nuna masa kin gani ta hanyar da zai ji kunya. Yaro ɗan shekara 11 ya ga ana rarraba abin da ya saba gani a hannun babansa, ba wanda ya tambaye shi, bai da bakin cewa a bari don ya ji an ce kuɗin makarantarsa ne. Sai ya ceci guda ɗaya. Mahaifiyarsa kuma da ta ce ba ta son ganinsu, zafin rashi ne ke magana, kuma mai yiwuwa ba ta san abin da ke ran ɗanta ba, don yara sukan ɓoye wa uwa kukansu in sun ga ita ma tana fama. Ki je ki same ta ku biyu, ba a waya ba. Ki gaya mata abin da kika gani, a hankali, ba da sigar ta yi kuskure ba. Ki nemi izininta a bar wa kowane yaro wani abu, ki kuma tabbatar babu wani mai hakki a kayan da ba a sanar da shi ba. In ta ce ba za ta iya zama da su a gidan ba tukuna, ki ce za ki ajiye musu a wurinki, akwati ɗaya mai murfi ba zai tsare wa kowa hanya ba. Kada ki manta da 'yar shekara shidan, ita ma ubanta ne, kuma ita ce za ta fi ƙarancin abin tunawa da shi.

Zai iya faruwa abin da yaron ya zaɓa ya zamo shi ne mafi tsada a tarin. Ki shirya wa wannan tun yanzu ke da mahaifiyarsa. Ni a ganina a bar masa. Ɗan mutum-mutumi ɗaya ko gini ɗaya ba shi zai hana karatu ba, kuma yana nan bai gudu ba, in ya girma ya ga dama ya sayar da hannunsa.

Ke ma, ƙanwata, ina jin mako shidan nan ba duka ne aikin neman kuɗi ba. Kin zauna kina juya abin da yayanki ya taɓa tun kuna yara, kuma wataƙila shi ya sa buhun ya ƙi ƙarewa. Ba laifi ba ne. Ki roƙi matarsa guda ɗaya ke ma, ki rubuta shi a littafin.

In ta amince, ki gayyaci yaron ranar da ba makaranta, bayan autarki ta yi barci. Ki zuba kwanon 'yan mutanen a farin zanen, ki ce masa kina neman taimako don ke ba ki san su ba. Wannan gaskiya ce, kuma akwai alamar ya fi ki, ya fi mai tayin, sanin wane kai ne na wace gangar jiki da wane gini ne babansa ya fi so. In ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa. In ya ce ba ya so, kada ki matsa, ki sake tayi wani makon. In kuwa ya zauna, ki tura masa ledar nan ta ginin da kika samu a haɗe rabi da rabi, ki tambaye shi ko ya san mene ne, da wanda suka fara haɗa shi tare.